Daga Bakin Ruwa Zuwa Bakin Teku

Mu uku ne masu wannan niyya, 'yan gida ɗaya a Rigasa, wa da ƙane da ɗan baffansu. Dukanmu a nan aka yanke mana cibiya, kuma iyakar babban ruwan da muka taɓa gani shi ne kogin Kaduna in ya kawo da damina. Akwai wata mararraba a bakin unguwarmu da ake kira Bakin Ruwa, ta nan muke bi kullum in za mu shiga gari. To, ran nan muna zaune a zaure sai ƙaraminmu ya ce, "Yaya, shekara nawa muna cewa mun je Bakin Ruwa, alhali kuwa ba mu san ruwa ba?" Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mana.

Asalin abin kuwa daga Kaka yake. Ita kaɗai ce a gidanmu ta taɓa ganin teku, don a zangon Sekondi aka haife ta, can ƙasar Gana, wadda tsofaffi ke kira Gwalkwas. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba da umurni, duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Kaka ta fito bayan mijinta, da Babanmu goye a bayanta, ta bar ƙanwarta da ke auren ɗan ƙasa. Tun daga ran nan ba su sake sa juna a ido ba, sai dai murya ta waya. Kada ku yi saurin ganin laifin mutanen Gana, gama mu ma a 1983 mun kori nasu, har jakar da suka ɗebi kaya da ita ta sami suna a kasuwanninmu. Yanzu Kaka ta tsufa, gwiwa ta ƙi, ta kuwa daɗe da ajiye turmin atamfa guda a ƙasan akwati, ta ce ba za ta ba direban da ba ta sani ba, sai jininta ya miƙa shi hannu da hannu.

Da muka gaya mata a kan babur za mu, sai ta tafa hannu ta ce, "Ku dai ba ku da hankali, mazajen banza! Motar haya ta ƙare ne a duniya?" Gaskiyarta fa. Mota ta fi arha, ta fi aminci, ba mu da abin musu a nan. Sai dai mota takan ratsa rabin hanyar da dare, ta tsaya inda direba ya so, mu kuwa so muke mu tsaya inda Kaka ta ba mu labari tun muna yara, mu ga ko haka abin yake.

Ku 'yan makaranta kun fi mu kusa da taswira. Ku buɗe ta Afirka ta Yamma, ku sa yatsa a Ikko, ku ja shi yamma bisa gefen shuɗin nan. Kafin ku ƙifta ido kun wuce Kwatano da Lome da Ankara, kun isa Sekondi. Mu ma haka muka yi da fari, muka ce ai kwana uku ya isa. Da muka zauna da fensir muka haɗa lissafi, sai muka tarar zuwa kaɗai ya kai wajen kilomita 1,600, kuma fiye da rabinsa a cikin ƙasarmu yake, inda ba a ko jin ƙanshin teku.

A nan ne Kaka, da ta ga ba mu da niyyar fasawa, ta koma koya mana. Kakanta bafatake ne, da ƙafa da jakuna ya riƙa zuwa Gwanja sayen goro, a yi watanni a hanya. Ta ce ayari ba ya tashi sai da madugu mai yanke magana, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai lura da dabbobi da masauki. Kuma fatake ba su auna tafiya da nisa, da zango suke aunawa: a tashi da asuba, a sauka da sauran rana, a wurin da aka san akwai ruwa da mai masauki. Nan take muka raba sarauta. Babbanmu ya zama madugu, ɗan baffanmu jagaba don ya taɓa karen mota zuwa Ibadan, ƙaramin kuwa uban dawaki, da yake shi ne ya yi zaman koyo wurin bakanike.

Uban dawaki ne ya fara ɓata mana rai, kuma shi ne ya yi mana rana. Babura biyu gare mu, ƙirar Bajaj Boxer, irin waɗanda kuke gani ko'ina. Ya ce ba ya yarda da su sai an gwada. Wata Asabar muka ɗaura wa kowanne buhun yashi a madadin kaya, mu biyu bisa ɗaya, muka kama hanyar Zariya, wajen kilomita 80, muka juyo a yinin. Kafin mu iso Jaji a dawowa, wanda aka goya ya kasa miƙe ƙafa, tayar baya ta yi zafi kamar an gasa, sarƙa ta saki. Muka gane abu biyu. Na ɗaya, lita guda ta mai tana kai mu wajen kilomita 40 da kaya, watau kowane babur zai sha kamar lita 80 zuwa da dawowa, mai kuwa ba arha ba tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Na biyu, dole kowa ya hau nasa. Wannan ya ja mana shekara guda cur muna zuba adashi kafin muka sayi na uku, na hannu. Muka kuma yanke cewa ba za mu wuce kilomita 250 a yini ba, ba kuwa za mu yarda magariba ta same mu bisa kwalta ba, ko da garin da muke nufi yana hange.

Sai gardamar hanya, wadda ta kusa raba mu. Tsohuwar hanyar Ikko ta Mando take fita, ta bi Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, ta haye Kwara a Jaba, ta faɗa Ilori. Ita ce gajera. Amma ta yi shekaru tana da ƙaurin suna saboda 'yan bindiga, ko da yake an yi sulhu a ƙarshen 2024 motoci suka koma bi. Ɗayar ita ce ta Abuja da Lakwaja, ta fi tsawo, ita ma ba a rasa labarinta ba. Jagaba ya dage a kan gajera, madugu ya ce shi ba zai kai 'ya'yan mutane inda zai kasa duban Baba a ido ba. Aka yi kwana biyu ba sa ko cin tuwo tare. Daga baya aka shirya bisa Lakwaja, da sharaɗin a makon tashi za mu je tasha mu tambayi direbobin da suka iso a ranar, gama labarin hanya na jiya ba ya amfanin yau. Mu dai a ranmu mun yi murna, don a Lakwaja ne Kwara da Binuwai suka haɗu, kuma can ne Turawa suka kai Sarkin Kano Alu bayan sun ci Kano a 1903, can kabarinsa yake. Daga nan sai Akure, sai Ibadan, mu kwana a Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916.

Ga wani abin da taswira ba za ta gaya muku ba. Mun ɗauka daga Ibadan sai Ikko, mu ga teku a ƙasarmu tukuna. Ashe tun 2012 gwamnatin Ikko ta hana babura bin manyan hanyoyinta da yawa, ta ƙara tsanantawa a 2020 da 2022. Waɗanda ƙarfin injinsu ya kai 200 su ake ɗaga wa ƙafa, namu kuwa ba su kai ba, kuma wanda aka kama sau da yawa niƙe shi ake yi a bainar jama'a. Baburan nan su ne jarinmu, da su muke neman abinci. Saboda haka muka soke Ikko daga lissafi, da Badagiri da muka so gani. Za mu ratse ta Abekuta da Ilaro, mu ƙetare iyaka a Idiroko, mu gangara Porto-Novo. Watau ranar da za mu fara ganin teku, a ƙasar wasu za mu gan shi.

Batun takardu ba shi da daɗin ji, amma shi ke mai da matafiyi gida. Bisa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan ƙasashen ƙungiyar yana shiga ƙasar ɗan'uwansa ya yi kwana 90 ba biza, in yana da fasfo. Sai katin rigakafin shawara, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mallakar babur da sunan mai shi, da inshorar ƙetare iyaka, da takardar kwastan ta shigar da abin hawa na ɗan lokaci. Iyaka uku za mu haye, kuɗi iri uku za mu riƙe, naira da sefa da sidi. Ba mu manta ba kuma cewa an rufe iyakokinmu na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020, don haka sai mun sake tambaya kafin mu ɗaura kaya.

Lokaci kuwa, kudu ba kamar nan ba ce. A bakin teku damina biyu ake yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba. In mun jira Disamba, hazon hunturu na iya rufe mana abin da muka je gani, ga cunkoson masu tafiya Kirsimeti. Muka tsai da tsakiyar Nuwamba.

To, yanzu ga ladan wahalar. Daga Kwatano, inda 'yan acaɓa masu rawayen riguna suka cika gari kamar fara, akwai wata hanya da ake kira hanyar masunta, tana bin bakin teku har Wida, wajen kilomita 40, teku a hagu, itatuwan kwakwa a dama, da bukkokin masu kamun kifi. Kaka ta ce za mu ga mutum talatin ko fi sun kama igiya guda suna jan koma daga cikin ruwa suna waƙa, kuma duk wanda ya sa hannu yana da rabon kifi, ko baƙo ne. Wannan muna so mu gwada. A Wida akwai ƙofar tunawa da bayi da aka gina a 1995, daidai gaɓar da ake loda su cikin jirage. Sai Grand-Popo, inda kogin Mono yake gangarowa teku. Da mun haye cikin Togo sai mu mai da agogo baya da sa'a guda. Ƙasar nan faɗinta a bakin teku bai kai kilomita 60 ba, mai babur na iya karyawa a Aneho ya yi azahar a Lome, kuma birnin Lome a jikin iyakar Gana yake, ƙarshen titinsa shi ne Aflawo.

Daga Aflawo hanya takan bar teku ta shiga tudu, ta haye kogin Volta a Sogakope, ba a sake ganin ruwan sosai sai Tema. Ku tambayi malaminku na labarin ƙasa, layin nan na Girinwic da ake fara ƙirga tsawon duniya daga gare shi ta garin Tema ya ratsa. Bayan Ankara akwai wani gari Kasoa, sunan kuwa ba wani abu ba ne illa kasuwa tamu. Can za mu sha koko da ƙosai a hannun jikokin fatake, mu ji Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, irin wadda har yau takan suɓuce wa Kaka in ta yi fushi. Daga Anomabo hanya ta koma kusa da ruwa, sai Cape Coast, sai Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina babban soronsu na dutse a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. A cikinsa aka tsare Sarkin Asante Firempe bayan an kama shi a 1896. Kaka ta shiga sau ɗaya tana yarinya, ta ce ɗakunan da aka tara bayi a ƙasa ba ta ƙara son tuna warinsu ba. Daga nan zuwa Sekondi tafiyar hantsi ce.

Uban dawaki dai ba ruwansa da tarihi. Shi abin da ya dame shi iskar gishiri, wadda aka ce tana sa ƙarfe tsatsa cikin 'yan kwanaki, da yashin da ke kwanciya bisa kwalta ya ja tayar gaba. Ya tanadi fulogi da wayar kuloci da ta birki, da kayan faci da famfo da sufanu, da gwangwanin baƙin mai na shafa wa sarƙa kowace safiya, ya kuma tilasta mana sayen hular kwano ta kirki, don a ƙasar Binin ba a wasa da dokarta.

Saura izini. Baba ya yi mako uku bai ce mana uffan ba. Ran nan bayan isha ya kira madugu shi kaɗai, ya ce ya kawo takardar zangon. Ya bi ta da yatsa, gari gari, yana tambaya wa za mu sauka wurinsa. Inda muka rubuta sunan mai masauki ya wuce, inda muka bar fili ya tsaya. Wurare biyu ne, Akure da Grand-Popo. Ya ce, "Ran da kuka cike waɗannan, ku zo in sa muku albarka." Na Akure mun samu ta wajen wani mai sayar da albasa a unguwarmu. Na Grand-Popo har yanzu muna nema.

Kaka kuwa sharaɗinta guda ne, ta sa mun rantse a kai. Ta ce tekun can ba kogin Kaduna ba ne, yana da wani ja ta ƙarƙashi da ke ɗauke ƙafar mutum ko yana tsaye iyakar gwiwa, kuma ya fi son baƙo. Kada ɗayanmu ya shiga ya wuce idon sawu. Jiya da dare ta fito da turmin atamfar, ta naɗe shi cikin leda biyu saboda ruwa, ta ɗaure da tsumma. Sa'an nan ta ba ƙaraminmu wata 'yar kwalba wadda ta wanke, ta ce in mun isa Sekondi ya cika mata ita, a daidai inda kwalekwale ke sauka bayan kasuwar kifi.