Kubar Tsohuwar Fijo

A jikin tsohuwar mota babu abin da hannu ke taɓawa kullum kamar kubar ƙofar direba, kuma babu abin da ake mantawa da shi wajen kulawa kamarta. Ana yi wa inji juyen mai, ana sauya taya da birki, amma kuba sai ranar da ta ƙi buɗewa ake tunawa da ita. Idan ana murɗa ta sau huɗu a yini na tsawon shekara 40, an murɗa ta kusan sau dubu 60 ke nan. Ƙarfe ma yana gajiya.

Motar da ta sa na shiga wannan bincike Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, kuma tun 1975 aka soma harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yin ta. A zamaninta ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta tasha. Tamu ƙirar 1984 ce, mahaifina ya saye ta sabuwa, kuma da aka raba gado ni ta faɗo wa. Ciwonta biyu ne a ƙofar direba: sai an yi ta girgiza makulli kafin ya juya, sannan sai an buga ƙofar da ƙarfi kafin ta kama. Bakaniken farko da ya duba ya ce a cire komai a sa sabo, ga su nan a Panteka ko Ƙofar Ruwa.

Ashe waɗannan matsaloli biyu ba su haɗa dangi ba. Wani dattijo mai gyaran makulli ne ya warware mini su a kan tebur. Gidan da makulli ke shiga yana da zuciya mai juyawa, a cikinta kuma akwai 'yan siraran fallayen tagulla a jere, kowanne da ɗan sifirin da ke tura shi waje. Muddin ko ɗaya ya leƙo, zuciyar ba za ta juya ba. Aikin haƙoran makulli shi ne su ja kowane falle daidai gwargwado har duk su shige ciki. Da haƙoran suka suɗe, fallayen ma suka cinye ta inda makulli ke goga su, sai lissafin ya daina cika. Girgizar da muke yi neman sa'a ce kawai, ko fallayen za su daidaita na ɗan lokaci.

Yawanci makullin ne ke fara lalacewa, kuma mu ke ƙara masa. Injin yankan makulli ba ya san asalin siffa, abin da aka ɗora masa yake kwafa. Makullin da ke hannuna jika ne: an yanko shi daga wani da aka yanko daga na asali bayan ya suɗe, kowane yanka kuma ya gaji kuskuren na gabansa ya ƙara nasa. Dattijon ya tambaye ni, "Ɗana, ina na biyun da aka ba mahaifinka ranar da ya sayi motar?" Yana cikin adakar mahaifiyata, ƙulle a ƙyalle tare da takardun gida, bai taɓa shiga kuba ba. Daga shi aka yanko sabo, kuma rabin girgizar ta tafi tun kafin a kwance komai.

Sauran rabin kuwa dauɗa ce. Mun saba idan kuba ta yi tauri a ɗiga mata baƙin mai. Ranar farko sai ta yi laushi, amma ƙurar hunturu na shiga, ta haɗu da man, ta zama taɓo mai kama sifirin yana kuma cin tagulla kamar dutsen wasa wuƙa. Ya wanke zuciyar da kananzir, ya bar ta ta bushe, ya kankaro garin baƙin fensir ya busa a ciki. Busasshen abu ne, ƙura ba ta manne masa.

Akwai wata dabara da nake ganin ya kamata duk mai tsohuwar mota ya sani, domin ana yin ta ba tare da an gaya masa ba. Idan falle biyu ko uku suka cinye, mai gaggawa sai ya zare su ya yar, ya mayar da zuciyar da abin da ya rage. Makulli zai juya kamar sabo, mai mota ya biya yana godiya. Amma kubar da aka bar wa falle ɗaya ko biyu kusan kowane makulli mai kama da nata zai buɗe ta, wani lokacin har bakin sukudireba. A ganina wannan ha'inci ne, don mutum zai kwana yana zaton ya kulle motarsa. Gwajin ba shi da wuya: bayan gyara, a gwada makullin wata Fijo. Idan ya juya, a koma.

Shi dattijon ƙofar fasinja ya kwance. Makulli ɗaya ke buɗe ƙofofin gaba biyu, don haka jerin fallayensu iri ɗaya ne, kuma na fasinja da kyar aka taɓa su a shekara 40. Ya mayar da lafiyayyun ɓangaren direba, ya kai cinyayyun can, inda dama daga ciki ake buɗewa.

Bugun ƙofa kuma ba ruwan kuba. Hinji ne ya saki, ƙofar ta ɗan sunkuya, harshenta ya daina haɗuwa daidai da ƙarfen da yake kamawa a jikin motar. Idan ka buɗe ƙofa ka ɗaga ƙarshenta ka ji tana motsi sama da ƙasa, ka gano. Aikin mai bugun mota ne, na sa'a guda.

Ba na cewa kada a taɓa sauyawa. Idan gidan kubar ya tsage, ko ɓarawo ya taɓa cusa masa ƙarfe, ya gama aiki, domin irin wannan narkakken ƙarfe ba ya karɓar walda yadda za a dogara da shi. Ko a nan na fi son na gwanjo da aka ciro daga wata 504, a zuba masa fallayen motarka don makullinka ya ci gaba da aiki. Sabuwar kuba da makullinta take zuwa, ka tashi da ƙarin ɗaya a zobe, kana laluben wanne ne na wace ƙofa a cikin duhu.

Na asalin an mayar wa Hajiya. Ta sake ƙulle shi a ƙyallensa, ta ce duk mai son yanka ya zo ya yi a gabanta.