Mai Gadin da Ba Ya Karɓar Na Goro

Mu masu rubuta manhaja a Katsina, akwai tambayar da ’yan kasuwa ke yawan yi mana: “Ya za a yi tallata ta shiga akwatin imel ɗin mutum, kada ta faɗa kwandon tarkace?” Mai shadda a Babbar Kasuwa yana son sanar da sabon kaya kafin Sallah. Mai zoɓo da riɗi yana neman masu saye a ƙetare, waɗanda ba sa ciniki sai a rubuce. Dukansu gani suke akwai wata dabara da muke yi wa rowa.

A ƙofar kowane akwati akwai mai gadi, kuma tambaya biyu yake yi. Ta farko: wa ya aiko ka? Tun watan Fabrairun 2024, Gmail ta wajabta wa mai aika saƙo sama da 5,000 a rana ya kafa SPF da DKIM da DMARC. SPF jerin kwamfutocin da ka yarje wa aika saƙo da sunanka ne. DKIM hatimi ne mai shaida cewa ba a taɓa wasiƙar a hanya ba. DMARC kuwa umarninka ne kan yadda za a yi da wadda ta kasa waɗannan gwaje-gwaje. Wannan aikinmu ne, yini guda ya ishe mu.

Ta biyu ita ce mai wuya: me mutane ke cewa a kanka? Idan mutum 3 cikin 1,000 suka danna cewa saƙonka tarkace ne, ƙofa ta fara rufuwa. A nan iliminmu na kwamfuta ba ya ceton kowa. Shi ya sa muke ƙin aikin wanda ya sayo jerin adireshin mutanen da ba su san shi ba, ko da kuɗin ya ba mu sha’awa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ba mutum ’yancin ƙin tallar da ake aiko masa.

Ga kuma tabon 419. Baƙon da ya ga wasiƙa daga Najeriya yakan yi ɗari-ɗari, alhali mai riɗinmu bai ci sisin kowa ba. Duk saƙon banza da ɗayanmu ya watsa, ƙara wa sauran nauyi yake yi.

Abin da muke faɗa musu, kasuwa ta riga mu saninsa. Baƙo ba ya samun bashi ran da ya sauka, to sabon adireshi ma da kaɗan yake farawa. Nemi izinin abokin ciniki tun a bakin rumfa kafin ka rubuta adireshinsa. Aika abin da zai amfane shi: farashi na gaskiya, ranar isowar kaya. Wanda ya ce a cire shi, a cire shi nan take. Mutum 200 da ke jiran saƙonka sun fi maka 20,000 da ke jin haushinsa.