Kafin a Yi wa Motar Baba Kuɗi

Litinin, 3 ga Nuwamba

Baffa ya yanke magana: ƙarshen wata za a zauna a kan ragowar gado. Gida da gona an gama da su tuntuni. Saura mota. Ko wani cikinmu ya ɗauke ta a rabonsa, ko a sayar a raba kuɗin. Yaya na son a sayar da ita yadda take. Na roƙi a bar mini ita zuwa ranar zaman, in ga ko za ta tashi. Ba wanda ya ce a'a, ba wanda ya ce to.

Bayan La'asar na yaye tamfol. Range Rover ƙirar 1984, ƙofa huɗu, giyar hannu. Tayoyi duk a kwance. Kashin ɓera har kan kujerar direba. Fenti ya koɗe, amma jikin lafiya lau.

Talata, 4 ga Nuwamba

Janwe da sassafe. Yaran layi sun cika ƙofar gida. Hajiya ba ta fito ba, labulen ɗakinta dai ya motsa.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Gareji. Tsohon bakaniken da ke duba wa Baba ita yana nan da ransa, ido ya ɗan raunana, hannu bai manta ba. Ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa ƙofofi da bayan yatsa. "Ka ji? Alminiyam ne, ba ya tsatsa. Ƙarfen yana ƙasa, can za mu duba." Ya shimfiɗa buhu ya shige da tocila. Ya daɗe. Da ya fito ya ce shasi ƙalau, bushewar iskar Kano ce ta tsare shi. Da a bakin teku ta yi wannan zaman, da tuni ta ruɓe. Tsatsa kaɗan a ƙofar baya.

Ya ce alminiyam ɗin gado ne daga Land Rover ta farko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, da awo gwamnati ke bayar da shi, sai kamfanin Rover ya koma ga abin da ke samuwa. A 1948 aka fito da ita, motar manomi: ta ja garma, ta ɗauki buhu, ta shiga laka.

Inji bai cije ba, ya juya da hannu. Alhamdulillahi. Wayoyi kuwa ɓeraye sun gama da su.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Lissafin farko: batir, tayoyi, fulogi takwas, famfon ruwa, kayan kabureta biyu, tiyo, man birki, baƙin mai, aikin mai wayarin. Na ninke takardar na sa a aljihu. Ban nuna wa uwargida ba tukuna.

Asabar, 8 ga Nuwamba

A aljihun gaba na tsinci ƙaramin littafin Baba. Rubutunsa, da jan biro. Kowane canjin mai da kwanan watansa, kowace taya da garin da aka saye ta. Gumel, Maigatari, Haɗeja, Nguru, Damagaram. A wani shafi: "An zare ƙaya a lagireto, an wanke." A wani: "Ta fitar da motar hatsi daga yashi." Bai rubuta ta wane ne ba.

Babu watan da ya wuce ba a yi mata wani abu ba. Ƙananan abubuwa, a kan lokaci. Tun rasuwarsa shafukan fari fat.

Na kasa cin abincin dare.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Gidan Baffa. Na tambaye shi dalilin da ya sa Baba, mutumin da ko agogo mai tsada bai taɓa ɗaurawa ba, ya sayi irin wannan mota. Ya gyara zama. Ya ce tun Baba na malamin dabbobi, a shekarun 1960, Land Rover ta gwamnati ce ke kai su rugage yi wa shanu allurar rigakafi. Sitiyari a dama, don sai a watan Afrilun 1972 Najeriya ta sauya hannun tuƙi. Kujera tauri, ƙura ta ko'ina, in an sauka baya na ciwo. Amma duk inda aka ce akwai garke, sai ta kai su.

"Da ya ajiye aiki ya sami wannan ta hannu, abin da ya ce mini shi ne, Yaya, ga wadda za ta je inda waccan ke zuwa ba tare da ta karya mini ƙugu ba."

Ashe abin da masu ƙirar suka nufa ke nan. Spen King da Gordon Bashford, injiniyoyin Rover, sun so haɗa ƙarfin Land Rover a daji da taushin motar gari a kan kwalta. A watan Yunin 1970 ta fito. Safirin mai murɗi a madadin na ganye, birkin faifai a duk tayoyi, kuma tayoyin huɗu na ja a kowane lokaci. Ƙofa biyu kawai, sai a 1981 mai huɗu ta zo. Kujerun farko na roba ne, shimfiɗar ƙasa ma roba, don a wanke da ruwan tiyo in an dawo daga gona.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Kasuwar Ƙofar Ruwa, shago shago. Fulogi da tiyo an samu. Famfon ruwa babu. Kayan kabureta babu. Wani ya ce in bar wahala, a cire injin a dasa na wata mota. Na gaya wa bakanike, ya tsuke fuska. "Wannan injin daga Amurka ya samo asali, na Buick ne, Rover ta saye haƙƙinsa. Shi ma alminiyam, lita uku da rabi. In ka cire shi ka cire motar." Ya kira wani yaronsa a kasuwar Ladipo ta Legas.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Shiru daga Legas.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Shiru. Mai wayarin ya fara aiki, waya ɗaya bayan ɗaya, yana bin launi. Na zauna a benci ina kallo har aka kira Azahar. Hazo ya fara sauka, leɓe na tsagewa.

Bakanike na shan shayi yana ba yaransa labari: maigidan da ya koya masa aiki ya taɓa zama a masana'antar Leyland ta Ibadan, inda ake haɗa manyan motoci da Land Rover. Lokacin Kaduna na haɗa Peugeot, Bauchi na haɗa Steyr, Kano na haɗa Fiat. Kayan gyara a kan kanta, ba sai an yi waya ba. Yaran na saurare, ba su ga ko ɗaya da idonsu ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Dillali ya biyo ni bayan masallaci. Wa ya gaya masa? Ya ce yana da mai so, kuɗi hannu, ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Ya ce a Turai ana neman tsofaffin nan, amma masu ƙofa biyu ne ke da tsada, tawa ba ta kai ba. Na ce ai ba tawa ba ce, ta magada ce. Ya ce ya riga ya yi magana da Yaya.

Raina ya ɓaci har dare. Amma Yaya na da gaskiyarsa: aure biyu a gabansa bana.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na nuna wa uwargida takardar. Ta karanta, ta sake karantawa. "Malam, kuɗin makarantar yara a Janairu fa?" Na ce ina sane. Ta ce ba hana ni take ba, so take in san abin da zan ɗauka. Ta ajiye takardar a ƙarƙashin faranti ta shiga kicin.

Talata, 18 ga Nuwamba

Famfon ruwa ya samu! Tsoho ne amma mai kyau, an ba direban motar dare. Kayan kabureta sai daga Ingila, wai mako guda.

Na kwana ina karatu a waya. Gasar Faris zuwa Dakar ta farko, wadda aka tashi a ƙarshen Disambar 1978 aka kammala a Janairun 1979, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma a ɓangaren motoci Range Rover ce ta zo ta ɗaya. Ta sake ci a 1981. Kafin nan, a 1972, guda biyu sun keta dajin Dariyen da ke tsakanin Fanama da Kolombiya, inda babu hanya sam. Ita ce dai wadda aka baje a gidan tarihi na Lubur a Faris saboda kyan ƙirarta. Irin wannan mota muka lulluɓe da tamfol a gindin darbejiya.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Direban bai iso ba. Wayarsa a kashe.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Ya iso. An ɗaura famfo.

Abokina na makaranta ya zo gani, a cikin sabuwar Range Rover tasa, ƙirar zubi na biyar, wadda aka fito da ita a 2021. Ya ce in shiga. Motar ta sunkuya da kanta don a hau, a kan jakunkunan iska take tsaye. Fata, sanyi, ba ka jin ƙarar titi ko kaɗan. Maɓalli guda ka zaɓi yashi, ko laka, ko duwatsu, ita ta san sauran. Ta burge ni ƙwarai, ba ɓoyewa.

Ya ce kamfanin ya sha sauya hannu: BMW a 1994, Ford a 2000, Tata ta Indiya a 2008, amma har gobe a Solihal ake ƙera babbar, inda aka ƙera ta Baba. Na tambaye shi ko ya taɓa sauka da ita daga kwalta. Ya ce tausayinta yake ji, kuma ba kowane gareji ke taɓa ta ba, sai mai kwamfuta. Na fahimce shi. Da ni ne ma haka zan ji.

Ya tsaya ya daɗe a gaban ta Baba. Ya sauke ƙofar baya ta ƙasa ya zauna a kai. Tasa ma haka take buɗewa, gida biyu. Ya ce in har za a sayar, a fara gaya masa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Hajiya ta aiko a kira ni. Ta yi ta zancen wasu abubuwa, sai da zan tashi: "In motar mahaifinku ta tashi, ka kai ni ƙauye in gaida 'yar'uwarsa. Tun da gadar nan ta karye ƙananan motoci ba sa shiga." Na ce in sha Allahu, Hajiya. Ba ta ƙara komai ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Saƙon Ingila ya sauka Legas. Jira.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Kaya sun zo da hantsi. Bakanike ya kori kowa daga teburinsa, ya baje kabureta biyun a kan farin ƙyalle. Bayan La'asar ya ce in shiga in murza makulli. Ta yi tari, ta mutu. Na sake. Ta mutu. Ya ɗiga fetur, ya ce bismillah, sake. Ta ɗauka. Baƙin hayaƙi ya cika gareji, sannan ya washe, ƙarar ta zauna, mai kauri, a hankali. Ƙarar da ke tashe mu da asuba muna yara. Yaran gareji na ihu. Ni hannuna na rawa a kan sitiyari.

Na kira Yaya na kara wayar a jikin inji. Ya yi shiru, can ya ce, "Ita ce."

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Murna ta koma ciki. Zagaye ɗaya a unguwa allurar zafi ta haura. Wani tsohon tiyo da ba mu canza ba ya tsage, roba ta bushe da shekaru. Na kashe nan take. Bakanike ya ce da na ƙara tafiya da labari ya sha bamban, injin alminiyam ba ya son tafasa. An canza, an wanke lagireto.

Sai mai. Abin da ta sha a ɗan wannan zagayen ya tsorata ni, ga kuɗin fetur tun da aka janye tallafi a 2023. Na yi ƙorafi. Tsohon ya ce, "Ɗana, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mahaifinka bai taɓa shiga kasuwa da ita ba. Inda babu hanya yake kai ta."

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Gwaji, ni da bakanike, hanyar gona. Kwalta ta ƙare, burji, sai yashin rafi. Ya nuna mini ƙaramin sandan giya: tura nan, ka kulle, kada ka matsa totur. Ta shiga yashin ta fita ba gardama. A kan gargada tana lilo a hankali, baya bai ji komai ba. Allura a tsakiya har muka dawo.

Na buɗe littafin Baba a shafin da ya tsaya na rubuta kwanan wata, famfon ruwa, tiyo, baƙin mai.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Gobe bayan La'asar, gidan Baffa. Abin da zan faɗa: a yi mata kuɗi na gaskiya, a kira masu sani biyu, kada a rage don ni. In ɗauke ta a rabona, cikon in biya kashi kashi zuwa bayan girbin baɗi. Ta zama motar gona da ƙauye, duk wanda ke da buƙata a gidan ya zuba mai ya ɗauka. In ba a yarda ba, a sayar wa wanda zai hau ta, kada ta sake komawa ƙarƙashin tamfol, kada kuma a yanka ta a sayar da inji.

Cikon ya fi abin da ke hannuna. Yaya bai ɗauki waya ba yau. Dillali ya kira, ban ɗauka ba. Uwargida ta ce za ta ranta mini daga adashinta, na ce ta bari sai an ji yadda zaman ya kaya.

Ko yaya ta kasance, Hajiya da sassafe, kafin zaman. A duba iskar taya, a cika jarkar ruwa, a ɗauki igiya da shebur. Takardun mota sun ƙare, sai Litinin. In tambayi Baffa ko a jinkirta tafiyar.