Jeren Inna da Gafakar Malam

Wanda duk ya yi wayo a Dogon Dutsi kafin yunwar 1984 ya san ba a shiga ɗakin amarya a zauna kai tsaye. Sai an dakata bakin ƙofa ido ya saba da duhu, sannan jere ya fara fitowa: ƙore bisa ƙore tun daga ƙasa har kusa da jinka, manya a gindi, ƙanana a sama, kowace da faifanta. Ga turaren wuta, ga ƙamshin sabon daɓe da ya sha makuba. Mata su yi ta shigowa da guɗa wai sun zo ganin amarya, alhali idonsu yana bango. Kafin la'asar duk unguwa ta ji ko uwar yarinya ta yi ƙoƙari.

Abin da ya sa jeren nan ya zauna mini a rai shi ne, babu abu guda cikinsa da ba a san hannun da ya yi shi ba. Inna takan ɗauko ƙwarya ta ce wannan gwaggonta ta Matankari ta ba ta, duman ma a bayan ɗakinsu ya yi yaɗo. Wancan faifan mai ja da baƙi wata tsohuwa ce ta saƙa shi a Gesheme, da kabar da aka yanko cikin Dallol Mawri. In ka miƙa hannu sai ta ce, "Kai ɗan nan, da ido ake kallo."

Ranar kasuwa nakan tsuguna gaban mai zanen ƙwarya har sai an aiko nemana. Wuƙaƙensa na cikin garwashi, yaro na yi masa fifita. Ya zaro ɗaya ta yi jawur, ya danne ƙwaryar da gwiwa, ya ja layi. Ka ji cuuu, hayaƙi ya tashi da wani ƙauri mai daɗi. Ba ya awo, ba ya fara shatawa da gawayi, amma in ya zagayo baki sai layin ya tarar da mafarinsa daidai. Ladansa ƴan daloli ne, a zamanin da dala guda, tamma biyar, ke sai wa yaro ƙosai ya sha ruwa ya gode Allah. In kuwa ƙwarya ta tsage, gyartai na nan yana bin gida-gida. Wadda ta sha ɗinki ma ita aka fi ji da ita, don an san ta ga jiya.

Daga baya langa da samira masu furanni suka shigo daga Najeriya ta Bachaka da Ƙonni, suka hau bango suka ture ƙore gefe. Gadon kara ya ba gadon ƙarfe wuri, shi kuma ya ba na fomika. Ba na ganin laifin kowa, don kwanukan nan suna da kyau, kuma iyayenmu mata da guminsu suka tara su, daga kuɗin fura da ƙuli-ƙuli da adashi.

Maza kuwa, nasu abin ƙawar yana zaure, rataye a turaka ko a ƙarƙashin buzun Malam. Malam, kakanmu, yana da Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka ta jar fatar akuya, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne tsakanin kwali biyu. In ya yi alwala ya kwance igiyar, ƙamshin tsohuwar fata da ƙaro ya cika zauren. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigo ne ruwan ɗorawa, a gefen takarda kuma inda izu ya cika an yi zayyana zagayayya, babu biyu da suka zo iri ɗaya. Wata rana ya ɗaga warƙa ɗaya saitin rana ya nuna mini jinjirin wata uku a ɓoye cikin jikin takardar. Irin takardar nan daga Italiya take, ta Sahara fatake suke kawo ta. Da bugun Kano ya yawaita, musamman rubutun Sharu Bala na Gabari, sai ya zama kowane almajiri na iya mallakar nasa, kuma alheri ne. Amma Malam bai taɓa sake gafakarsa ba har ya koma ga Allah.

Mu ƴan lakwal ma ba a bar mu baya ba. Mushe ya raba littafin Mamadou et Bineta, mu ruga neman takardar buhun siminti mu yi masa riga, mu zana sunanmu da ƙawa a goshi. Kawuna mai fatauci ya taɓa zuwa da Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937. Faransanci aka koya mana, bokon Hausa sai da lalube, saboda haka hotunan muka fara haddacewa, aku da sarki da waziri. Littafin ya zagaya unguwa har bangonsa ya rabu da shi, wata yayarmu ta ɗinke shi da zaren saƙa.

Sai fari ya zo. A 1984 gero bai yi ba, ga shi gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, har sunansa ya bi yunwar. Tasoshin tagulla da sakala da manyan kwanuka suka fita kasuwa ɗaya bayan ɗaya, aka mai da su tiyar hatsi. Na ga mata sun sauke jeren aurensu ba su ce uffan ba. Bayan karyewar sefa a 1994 roba ta gama cika gidaje, abin da ya rage kuma gara da yoyon damina suka raba.

Duniya ta san ƙasarmu ta Arewa ta dalilin Sarauniya Mangu ta Lugu da yaƙinta da Faransawa a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, gidan tarihi na Yamai mai sunan Bubu Hama kuma yana ajiye da kayan sana'ar ƙasa. Faifan kakar wani dai ba ya cikin littafi, sai a bakin waɗanda suka ci tuwo a ƙarƙashinsa, su kuma suna ta tafiya.

Don haka in biki ko sallah ta kai ku gida, ko Tibiri ne ko Dumega ko Kore Mai Ruwa, ku lallaɓi tsohuwa ta buɗe adakarta. Ku tambaye ta wa ya saƙa, wa ya zana, a auren wa aka kawo. Ku rubuta sunan a takarda ku sa ciki, sannan ku ɗaga kayan daga ƙasa kafin damina ta faɗi.