Jirgin Da Muka Zana A Bayan Kalanda

Masu jiran ci gaban littafinmu ku yi mini afuwa na wannan makon, akwai maganar da ta tsaya mini a rai, in ban amayar da ita ba alƙalamin ba zai tafi ba.

Ina da ɗa, ɗan yayata ne, mai walda a nan Ƙauran Namoda. Da damina ta 2023 ruwa ya ci abokinsa a gulbin Gagare, aka kwana biyu ana lalube kafin a ga gawar. Tun daga ranar yaron nan ya sauya. Bayan sati uku sai ga shi da daddare, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, jirgin da ke nutsewa ƙarƙashin ruwa zan ƙera, kai ka iya tsara abu a takarda, ka taimake ni."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ashe har ya saye wani tsohon tankin gas wurin 'yan gwangwan a Shinkafi, faɗinsa mita 1, tsawonsa mita 2 da rabi. Hujjarsa kuwa Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin nan na Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da injin mota a Kano a 2007. Ya ce shi ma ai ba daga Turai ya zo ba. Na rasa amsa, don ni kaina sau nawa na rubuta jarumin da gari ya yi wa dariya ya ba maraɗa kunya? Na ciro tsohuwar kalanda muka kifa ta a kan tabarma, ni da ɗan kimiyyar sakandaren da ya rage mini, shi da wayarsa.

Tun a ƙofar shiga muka fara cin karo. Ruwa yana da nauyi, duk mita 10 da ka yi ƙasa, kowane ɗan fili mai santimita 1 tsawo da faɗi yana ɗaukar kusan kilo 1. Murfin da mutum zai iya bi, mai faɗin santimita 50, a wannan zurfin ton 2 ne zaune a kansa. Ko a mita 1 kacal, kilo 200 ne. Wato in ka shiga ka rufe, ba ka da ikon fitowa sai jirgin ya ga damar tasowa. Na lura a nan ya daina kaɗa ƙafa.

Sai maganar tankin kansa. Shi a ganinsa abin da ya riƙe gas ai ruwa wasa ne. Amma gas daga ciki yake turawa waje, ƙarfen miƙewa kawai yake yi. Ruwa kuwa daga waje yake matsowa, kuma duk inda ya sami ɗan lanƙwasa ko tsatsa, ta nan zai murƙushe shi gaba ɗaya. Shi ya sa masu wannan sana'a suke jera zobban ƙarfe a ciki kamar haƙarƙari, bakuna biyun kuma su yi su kamar ƙwarya. Kowace huda da ka yi, ta taga ce ko ta waya, ka rage masa ƙarfi, sai ka kewaye ta da ƙarfe mai kauri. Shi kuma taga biyar ya zana, wai don ya ga ko'ina. Na ce ɗana, a wane ruwan? Gagare da damina ko tafin hannunka ba ka gani.

Abin da ya ba ni mamaki ni kaina, nutsewar ma aiki ce. Tanki mai wannan girma yana ture ruwa kusan ton 2, don haka sai nauyinsa duka ya kai haka kafin ya yarda ya yi ƙasa. Dole a shimfiɗa ƙarfe ko dalma a can ƙasan ciki don kada ya kife, a rataya wani nauyin a waje wanda za a iya saki da hannu in abu ya ɓaci. Tankunan da ake cikawa da ruwa a nutse, a hura musu iska a taso, su a waje suke zama. Batir ma George Kittredge, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka da ya shahara da zanen irin waɗannan ƙananan jirage, a wasu bututu na waje ya sa shi a samfurinsa na K-350, kuma da dalili, batirin mota yana fitar da iska mai kama wuta. Ga numfashi: iskar da kake fitarwa tana taruwa, cikin 'yan awowi ta sumar da kai kana zaune, sai da wani farin sinadari irin wanda ake sa wa injin sa barci na ɗakin tiyata. Da muka gama jera komai, wurin da ya rage wa mutum bai fi makara ba. Ban faɗa masa haka ba.

Na dai tuna masa Titan, da ya murƙushe ran 18 ga Yuni na shekarar da mutum 5 a ciki, a hanyarsu ta zuwa ganin Titanic a zurfin wajen mita 3,800. Ya ce, "Kawu, ni mita 5 nake nema."

Da safe na sa aka samo galan na ƙarfe, muka zuba ruwa kaɗan muka tafasa, muka sauke muka toshe, na kwara masa ruwan randa. Nan take ya lotse kamar an taka shi. Na ce wannan iskar da ke kanmu ce kawai, kuma duk ƙarfinta bai wuce na ruwan mita 10 ba. Ya ɗauki galan ɗin yana jujjuyawa, can ya ce, "To ashe zobba takwas za a sa, ba huɗu ba."

Yaya ta taso takanas daga Zurmi, duk da halin da hanyar take ciki, ta tsaya a tsakar gidana ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da zan kawo wa ƙara, kai ne mai riƙe masa fensir?" Na ce Yaya, in na kore shi zai yi shi a ɓoye, da taga biyar. Ba ta karɓi wannan ba, kuma har yau ban tabbata ita ce ba ta da gaskiya ba.

Abin da na iya samu daga gare shi alkawari ɗaya ne, ya dafa kaina ya yi shi: ranar gwaji babu mai shiga, buhunan yashi za a zuba a saukar da igiya, sau uku, ya kwana a ƙasa. Tankin yana nan bayan shagonsa, an walda zobba uku, kuɗin ƙarfe ya ƙare. Kalandar tana wurina, na ce masa zan gyara lissafi. Jiya ma ya aiko yaro a karɓa, na ce a ce masa ban gama ba.