Bayan kin auna, sai me?

A shekararmu ta biyu a kwalejin kiwon lafiya aka rarraba mu ƙauyuka aikin sa-kai na mako biyu. Ba ko sisi, amma akwai maki, kuma gaskiya makin ne ya kai ni. Aka ba kowa littafin rubuta sunayen yara da wani siririn tef mai launi uku na auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani.

Da yake mu mata ne ke shiga gidaje, sai muka mai da abin tsere, kowace na son littafinta ya riga cika.

Rana ta uku na tarar da wata yarinya goye a bayan kakarta, gashinta ya yi ja, ko kuka ba ta iya yi sosai. Tef ya tsaya a ja. Na rubuta, na miƙe zan wuce gida na gaba, sai tsohuwar ta riƙe mini hijabi.

"'Yar nan, bara ma irinku sun zo sun auna yayarta. Bayan kin auna, sai me?"

Na tambayi inda yayar take. Ba ta amsa ba, ta gyara goyo kawai.

Na ce, "Inna, ɗauko mayafinki." Da kuɗin abincina na biya ɗan acaɓa ya kai mu asibitin da ke garin gaba. Sai bayan la'asar aka gan mu. Aka ba ta ƙunshin abincin tamowa, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara, aka ce a riƙa dawo da ita duk mako.

Yinin ya tafi, littafina bai cika ba, malam ya rage mini maki. Ya ce ƙa'ida ita ce in rubuta takardar turawa asibiti in ci gaba da aiki. Ba zan ce ban ji haushi ba. Takardar wa za ta karanta wa tsohuwar, kuɗin acaɓa wa zai ba ta? Duk shekara ana tara littattafan nan a ofis, ban ji an koma an bi sawun suna ko ɗaya ba.

Lambar ɗan acaɓan na nan a wayata. Makon jiya na kira shi, ya ce ya ga yarinyar a ƙofar gida tana korar kaji.