An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk sa'ad da ƙungiyar ƙwadago ta nemi ƙarin albashi, sai a ji 'yan kasuwa suna cewa ma'aikatan gwamnati za su sake jawo tsada. Hujjarsu kullum ita ce Udoji.

Gaskiya ne, a 1975 gwamnatin Janar Gowon ta biya ƙarin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara, har da bashin wata tara, farashi kuwa ya hau da fiye da kashi 30 cikin ɗari. Amma a shekarar nan kuɗin mai sun cika gari, jiragen siminti sun toshe tashar Ikko, kaya sun kasa shigowa.

To, a dubi 2023. An janye tallafin mai, darajar naira ta faɗi, kuɗin mudun shinkafa ya ninka, alhali mafi ƙanƙantar albashi yana nan naira 30,000. Sai a Yulin 2024, bayan yajin aiki, aka mai da shi 70,000. Ashe tsada ce ta yi gaba, albashi yana binta da ɗingishi.

Mai kantin da ke zagin yajin malaman makaranta ya buɗe littafinsa na bashi, ya ga sunayen waɗanda ke ciki.